Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Litinin, 28 ga Afrilu, 2025, bayan Azahar

An koma makaranta yau. Kafin in shafa addu'ar Asuba yarinyar ta gama wanka, ta goge hijabinta, ta zauna a bakin zaure da jaka a cinya kamar mai jiran motar Kano. Da ƙyar ta cinye hutun nan, sai ka ce a kan ƙaya muka ajiye ta.

A bayan littafin awon ɗinkina nake wannan rubutu, don na san ba mai buɗe shi sai ni. Ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina. In na faɗa wa Baban Suhaibu dariya zai yi, ya ce in nemi aikin yi, alhali ga ɗinkin Babbar Sallah ya fara taruwa.

'Yar farina ce. Shekararta goma sha biyu, kuma tun zazzaɓin da ya kwantar da ita tana 'yar shekara biyu ba ta sake jin komai ba. Ba na kiran sunanta, ko a nan ba zan rubuta shi ba. Haka na tashi na gani. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambaton sunan Yaya Ja'afaru ba, ba ta taɓa jansa a jiki a gaban mutane ba, kuma ba wanda ya ce ba ta sonsa. Ɗan fari kunyarsa ake ji, ba a zuba masa ido. Ana yaye yarinyar kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta. A ɗakinta ta girma, sai shekara biyu da suka wuce, da tsohuwar ta rasu, ta dawo wajena. Shi ya sa Maman Suhaibu ake ce mini, da sunan ƙanenta.

Mutum ɗaya ce duk garin Daura ba ta ce mini haka: Malama Amatullah ta ajin kurame. Ita da sunan yarinyar take kirana, ƙarara, a gaban kowa.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Malama ta aiko mini da takarda. Wai takalmin yarinyar ya matse ta tun zangon da ya wuce, har ya yi mata kanta a ɗan yatsa, a taimaka a duba.

A gidana take kwana, ni nake dafa abin da take ci, amma labarin ƙafarta sai ya je makaranta ya dawo. Me ya hana ta nuna mini? Ai muna magana. Tun da ta iya karatu aka samu sauƙi. In ina son abu sai in yagi 'yar takarda in rubuta, in ajiye mata a kan keken ɗinki. Share tsakar gida. Ɗora ruwa. Kai wa Murjanatu ɗinkinta. Ta karanta, ta yi, ba musu ba ɓata rai. Wace uwa ce ke neman fiye da haka?

Na aika da takalmin wurin Yaya Ja'afaru, da ke gyaran takalma a kasuwa, ya buɗa shi.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Daga taron iyaye nake. An zaunar da mu a ajin nasu, muka takure a bencin yara, Malama ta tsaya a gaban allo tana ba mu tarihi, bakinta na magana hannuwanta na yi, ba ta ko haki.

Ta ce a da in yaro ba ya ji ko ba ya gani, tsakar gida ce makarantarsa, daga nan sai abin da Allah ya yi. Daga baya aka gina makarantu na musamman, amma can nesa, sai wanda iyayensa suka iya rabuwa da shi. Ta ce ita da ta zo nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce sito aka ba ta, inda ake jibge karyayyun bencina, da yara uku. Gida gida ta bi tana roƙo, wasu suka rufe mata ƙofa, wasu suka ce ba su da irin yaron alhali yana ƙuryar ɗaki. Yanzu yara goma sha tara ne, har da masu zuwa a babur daga hanyar Mai'adua. Ta ce tun 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa mai nakasa bambanci, har a makaranta, amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta.

Aka yi ta tafi. Murjanatu maƙwabciyata, wadda ɗanta ma ke ajin, har da share hawaye.

Ni za a ba tarihi? Ni da na tashi da kurma a ɗaki ɗaya? Tun ba a haifi Malama ba nake maganar hannu da Yaya Ja'afaru, tamu ta gida, ba wadda aka karanto a kwaleji ba.

Daga ƙarshe ta ce ta buɗe aji na iyaye duk Asabar, a zo a koyi maganar hannun da yaran ke yi. Sai ta ƙara da cewa, "Yaron da ba ya ji, idonsa ne kunnensa. In ba ku dube shi ba, ba ku yi masa magana ba." Ba ta kalle ni ba da ta faɗa. Rashin kallon ne ma ya nuna mini da wa take.

Lahadi, 4 ga Mayu, da safe

Ba zan je ajin Asabar ba. Ina da ɗinki.

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Na je sayo zare, hanya ta bi da ni ta bakin makaranta daidai tashi. Ban yi niyyar tsayawa ba.

Suna ƙarƙashin darbejiya su biyu. Yarinyar na ba ta labari, hannuwa na tashi, gira na rawa, kumatu a kumbure, tana kwaikwayon wani. Malama ta sunkuyo daidai fuskarta ta zuba mata ido, sai suka tuntsire da dariya tare. Ban taɓa jin dariyarta da ƙarfi haka ba. Ashe muryarta irin ta Innarmu ce.

Da ta hango ni sai ta sauke hannu, ta gyara hijabi, ta sunkuyar da kai. Muka taho gida tana bayana.

Kishi nake ji. Na rubuta, ga shi nan. Kishin matar da ko miji ɗaya ba mu haɗa ba, ba ta ci mini komai ba, gaisuwarta ma har ƙasa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Baffan Baban Suhaibu ya zo daga Baure. Yara suka fito gaisuwa. Suhaibu da Firdausi suka durƙusa kai a ƙasa yadda aka koya musu. Yayarsu ta durƙusa, amma ta ɗaga kai ta kafe tsohon da ido, tana bin bakinsa da kallo.

Ya ce, "Ikon Allah. Wannan kuma wa ya buɗe mata ido haka? Da tana hannun marigayiya ba haka take ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baban Suhaibu ya ce a makaranta ake koya musu, don su gane abin da ake faɗa. Baffa ya girgiza kai ya ce, "To, a dai yi hattara. Ilimin da zai cire wa 'ya mace kunya, da shi gara babu."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi mini daɗi. Ashe ba ni kaɗai ke gani ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan Azahar

Yau har gida ta zo. Ƙarfe goma sha ɗaya na ji sallama, na ɗaga kai daga keke na gan su, yarinyar ɗaure da wani zani da ba namu ba a kan kayan makaranta. Malama ta tura ta ɗaki, ta matso kusa da ni ta rage murya.

Ta ce yarinyar ta girma. Ta ce wannan ne karo na biyu. Na farko kafin hutu ne, ta zo mata a tsorace, ta ɗauka ciwo ne zai kashe ta. Ita ta zaunar da ita ta yi mata bayani, ta kai ta gidanta ta gyara jikinta, ta koya mata wankan tsarki.

"Na ce mata ta faɗa miki," in ji ta. "Ta ce ba ta san yadda za ta fara ba. Na ga bai kamata ya wuce wannan karon ba ki sani ba."

Na ce na gode. Na kawo mata ruwa. Na raka ta har zaure, na ce a gaida gida.

Wata biyu. Ni na yi naƙudarta kwana biyu a ɗakin Innarmu. Abin da uwa ke faɗa wa 'yarta sau ɗaya a duniya, wata ta riga ni, kuma ta zo har tsakar gidana tana ba ni labari da tattausar murya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na wanke zanin Malama na goge. Atamfa ce mai kyau, ɗinkin ne dai ba hannu.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

Na yagi takarda biyu daga tsakiyar littafin nan. Ba awo na rubuta a kai ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Azahar

Na fita sayen maɓallai. Na biya ta ofishin ilimi. Akwai akwatin ƙorafi a bakin ƙofa, na jefa takardar, ba mai tambayar kowa.

Ban sa suna ba. Kuma ba ƙarya na yi ba: tana kai yara gidanta ba da sanin iyaye ba, tana shiga sirrin gidajen mutane, tana koya wa 'yan mata kafe manya da ido. Wanne ne ba a yi ba? Jan kunne kawai za a yi mata, ta san iyakarta.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

Ba ƙarya na yi ba.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Ƙarfe tara yarinyar ta dawo. Kafin in rubuta mata tambaya Murjanatu ta faɗo gidan, mayafi a hannu.

"Maman Suhaibu, kin ji abin da aka yi mana? An dakatar da Malama! Wai wani ya kai ƙararta ofis, sai an yi bincike. An sa wa ajin kwaɗo. Hedimasta ya ce ko a raba yaran cikin sauran azuzuwa su zauna a baya, ko su koma gida, don ba wanda ya iya magana da su."

Na ce, "Inna lillahi."

"Wallahi ko waye, ban yafe ba. Yaron nan shekara bakwai yana cizon mutane don ba a gane abin da yake so. A hannun matar nan ya fara rubuta sunansa. In aka mayar da ita wani gari shi ke nan, ajin ya mutu, wa za a kawo? Allah ya isa tsakanina da mai wannan hannu."

Ta tsaya tana jira, sai na ce amin. Da bakina na ce amin.

Jan kunne na ce. Ban ce a sa kwaɗo ba.

Talata, 20 ga Mayu, bayan La'asar

Ta sa kayan makaranta da safe, ta zauna a bakin zaure har rana ta take. Na rubuta mata: Ci abinci. Ta karanta, ta ninke takardar ta sa a aljihu. Ba ta ci ba.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan Azahar

Yaya Ja'afaru ya kawo takalmin. Yana shigowa ta tashi ta tare shi, suka zauna a tabarma suna ta yi, rabi da maganarsa ta gida rabi da tata ta makaranta. Ban san yaushe suka ƙulla wannan ba. Ina daga keke ina satar kallo, ba na tsintar ko rabi.

Da ta shiga ɗaki ya taso ya dafa keken don in tsaya. Fuskarsa a murtuke. Ya nuna ni, ya nuna kansa, ya sauke tafin hannu daidai gwiwa: muna yara. Ya zana ƙofa a iska. Ya kaɗa bayan hannu sau biyu, yadda ake korar kaza.

Na san ranar da yake nufi. Ina da shekara bakwai, yana da sha ɗaya, Baba ya kai mu a rubuta mu a firamare. An ɗinka mana kaya iri ɗaya, Yaya har da allo sabo a hammata. Hedimastan lokacin ya rubuta ni. Ya dubi Yaya ya ce wa Baba, "Malam, wannan ba mu da abin da za mu yi masa. Ka nema masa sana'a." Yaya yana ta murmushi, don bai san me ake cewa ba. Baba ya kasa faɗa masa. Ya ce mini, "Safiyatu, faɗa masa." Ni na ja hannun rigarsa, na nuna ƙofa, na kaɗa bayan hannu sau biyu. Ni na faɗa masa.

Shekara ashirin da bakwai bai taɓa tayar da maganar ba sai yau. Ya nuna ɗakin da yarinyar take, ya sake zana ƙofar, ya buga ƙirjinsa, ya girgiza kai. Kada a yi mata abin da aka yi masa. Sannan ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki.

Na buɗe tafin hannuwana, alamar ban sani ba. Shi kam ina iya kallon idonsa, amma yau na kasa.

Gobe za a zauna a makaranta. An ce iyaye su zo da yaransu.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan Magariba

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Juma'a, 23 ga Mayu, da hantsi

A ofishin hedimasta aka zauna. Mutum biyu daga ofishin ilimi, hedimasta, mu iyaye kamar goma a tsaye jikin bango. Malama a kujera ita kaɗai, ta rame, ba ko kwalli. Babban cikinsu ya karanta takardar da ƙarfi. A bakinsa maganganun suka fito da muni, kamar ba ni na jera su ba. Iyaye suka yi ta salati. Malama ta ce gaskiya ne ta taɓa kai yarinya ɗaya gidanta, amma ba za ta faɗi dalili a gaban maza ba, kuma ba za ta faɗi sunanta ba.

Sai mutumin ya ce yana son ya ji daga bakin yaran. Ya nuna wadda ta fi girma. Tawa ce.

Malama ta ɗaga hannu za ta fassara, ya ce a'a, wadda ake bincike ba ta zama tafinta. Ya duba ɗakin ya ce, "Ina mahaifiyarta?"

Murjanatu ta tura ni gaba. "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ita ai ta iya, da kurma ta tashi."

Ya ce in tambaye ta ko Malama ta taɓa cutar da ita. Na tsaya a gabanta. Na yi abin da nake yi wa Yaya, idona a kan kafaɗarta. Ta gane da ƙyar. Sai ta fara amsawa, da sauri, hannu da fuska da duk jikinta, hawaye na zuba. Ta yi ta yi. Ɗakin ya yi tsit ana jirana.

Ban gane komai ba. Ko kalma ɗaya.

"Me ta ce, Hajiya?"

Da ta ga ba na fassarawa sai ta matsa teburin, ta nuna biro, tana son ta rubuta da kanta. Mutumin ya miƙa mata. Takardar ƙarar na shimfiɗe a gabansa. Na ga lokacin da idonta ya sauka a kai.

Ban taɓa tunanin wannan ba, wallahi ko sau ɗaya. Shekara biyu ba abin da take samu daga gare ni sai rubutun hannuna. Ta san shi fiye da yadda ta san fuskata.

Ta ajiye biron. Ta juyo ta dube ni. Ba ta nuna ni ba, ba ta yi wata alama ba, kallo kawai. Kuma karo na farko tun da na haife ta ban kawar da kai ba, don na rasa inda zan kai shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na rubuta."

Na ji Murjanatu ta ja numfashi. Na ce yarinyar da aka kai gida tawa ce, kuma abin da Malama ta yi mata aikina ne da ban yi ba. Na ce kallon da suke yi wa manya ba rashin kunya ba ne, da shi suke ji. Ya tambaye ni to me ya sa na rubuta. Na ce kishi. Wani daga baya ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi ya haɗiye.

Suka ce za su kai rahoto, a jira.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Baban Suhaibu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Safiyatu, da kin faɗa mini." Na ce da dariya za ka yi. Ya ce haka ne.

Murjanatu ta aiko a karɓar mata atamfarta, ko yankawa ban yi ba. Mutum uku suka biyo bayanta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan Azahar

Ba ta kallona. In na shigo ɗaki ta juya wa bango fuska. In na tsaya a gabanta ta rufe ido. Na ajiye takarda a kan keke, tana nan har yanzu, iska ta kaɗa ta ƙasa.

In ta rufe ido ba ta inda zan bi. Ba kira, ba lallashi, ba faɗa. Ina tsaye a gabanta da magana cike da baki, kuma ba ƙofa.

Kwana huɗu ke nan ina ji kamar zan haukace. Ita shekara nawa ta yi?

Laraba, 28 ga Mayu, da safe

Na tashi na tarar da gwangwanin madara a kan keke. Na buɗe. Takarduna ne, duka, a ninke ɗaya bayan ɗaya, tun na farkon. Ashe tarawa take yi.

Na zauna na karanta su har shayi ya huce. Share tsakar gida. Ɗora ruwa. Wanke wa Firdausi kai. Rage gishiri. Na nemi guda ɗaya da ba aike ba ne, ban samu ba. Ko sannu babu. Sunanta ma babu a ko ɗaya.

Innarmu ba ta kiran sunan Yaya, gaskiya ne. Na sha kafa hujja da wannan. Yau na tuna shi ma ba ya ji. Ban taɓa tambayarsa yadda ya ƙare da ita ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan La'asar

Hedimasta ya aiko. An wanke Malama, Litinin za a cire kwaɗon. An ce nan gaba in za ta kai yaro wani wuri ta sanar da ofis. Alhamdu lillahi. Na rubuta a takarda zan ajiye mata, sai na fasa, na aika Baban Suhaibu ya nuna mata. Na ji tsallenta daga ɗaki.

Wannan tsallen ma ya sosa mini rai. Ba a warkewa rana ɗaya.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan La'asar

Da safe na ninke zanin Malama na tafi gidanta. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi zanin. Ba ta yi murmushi ba, ban kuma ga laifinta ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta bar ni na gama tas.

Ta ce, "Na yafe abin da ya shafe ni. Na yaran kuwa ba nawa ba ne. Sati biyu suka rasa, kuma akwai uban da ya ce ba zai dawo da 'yarsa ba, sai na sake komawa roƙo."

Na ce zan bi ta mu je tare, in faɗa masa da bakina. Ta ce za ta duba.

Sai na tambaye ta abin da ya kawo ni. Na ce in za a kira yarinyar da hannu, yaya ake yi? Ta ce kowane yaro a ajin yana da sunansa na hannu, 'yan uwansa ke raɗa masa daga wani abu da suka gani a jikinsa. Ta ɗora ɗan yatsa a kumatunta ta murza shi kaɗan.

"Saboda wurin nan da ke lotsawa in ta yi murmushi," in ji ta. "Irin naki."

Ban san tana da shi ba. Na riƙe wannan a cikina, ban faɗa mata ba, amma ina jin ta gane.

Na dawo na tarar da ita a bakin rijiya tana wanke hijabin makaranta. Suhaibu da Firdausi na tsakar gida, Baban Suhaibu na zaure da baƙo, ƙofa a buɗe. Da can ko ni kaɗai ce a gidan ba zan iya ba. Na zagaya ta gabanta na tsuguna, har zanina ya jiƙe. Ta rufe ido. Na jira. Ƙafata ta yi tsami, ban tashi ba. Can ta buɗe don ta ga ko na tafi.

Na dube ta sosai. Tana da tabo ƙarami a gira, ban san yaushe ta ji ciwon ba. Na ɗora yatsa a kumatuna na murza.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi murmushi ba. Sai ta tsame hannunta daga kumfa, ta kama yatsana, ta ɗauke shi daga kumatun dama ta mayar hagu, ta danna. Ashe a can yake. Ta saki, ta koma wankinta, amma ba ta juya mini baya ba.

Kumfar ta bushe a fuskata, ban goge ba tukuna. Asabar mai zuwa washegarin Babbar Sallah ce, ana suya, ba aji. Ta sama zan je, in zauna a bencin yara kusa da Murjanatu, ko za ta matsa ko ba za ta matsa ba.

Mardiyya. Sunanta Mardiyya.